A Riƙa Gaya Mana Ciwon Da Ya Ɗauke Magabatanmu

'Yan'uwana 'yan makaranta da iyayenmu, akwai wata al'ada tamu wadda ni a ganina ya kamata a sake dubawa. In mutum ya rasu aka tambayi abin da ya same shi, sai a ce kwana ne ya ƙare. Gaskiya ne, amma likita ba ya iya aiki da wannan amsa. Kakana da baffana duk ciwon ciki ne ajalinsu, sun rame, abinci ba ya zama. Da na nemi bayani sai aka ce yaro ba ya irin wannan tambaya.

Ga abin da ya sa na damu. A ƙasar New Zealand akwai wata zuriya ta ƙabilar Maori wadda ciwon dajin tumbi ya kashe mata mutum 25 cikin shekara 30, ƙaraminsu ɗan shekara 14. Wasunsu sun ɗauka baki aka yi musu. Daga baya matan gidan suka zauna suka tsara sunayen dangi, da wanda ya haifi wane, da abin da ya kashe kowa, suka kai wa masana na Jami'ar Otago. A 1998 Parry Guilford da abokan aikinsa suka gano lahanin a cikin wata ƙwayar gado mai suna CDH1. Duk mai ɗauke da shi, kowane ɗa da ya haifa yana iya gada ko ya kuɓuta, rabi da rabi.

Wannan ciwo maƙetaci ne, domin a cikin bangon tumbi yake ɓuya, sau da yawa ko an zura na'ura ba a ganinsa. Saboda haka wanda gwajin jini ya nuna ya gada akan ba shi shawara a cire tumbin ɗungum, a haɗa maƙoshi da hanji. Abin da ban tsoro, amma mutum yana rayuwa, sai dai ya riƙa cin abinci kaɗan-kaɗan.

Kada kowa ya firgita. Galibin ciwon dajin tumbi ba gado ba ne, kuma mai yiwuwa na gidanmu gyambon ciki ne kurum. Amma yaya za a sani in an rufe baki? Ni dai in an yi hutu zan ɗauki littafi da biro in tafi wurin gwaggo, don ita ce ta yi jinyarsu duka biyu.