Zancen Gida: Hoton Dabba a Cikin Ɗaki

A watan nan za mu yi magana a kan wani abu da ke ba yaranmu haushi. Yaro ya ɗauki hoton kyanwarsa da wayar babansa domin ya aika wa yayarsa da ke makaranta, sai ga wani baƙin abu ya fito, da idanu biyu kore shar kamar na dodo.

Laifin ba na wayar ba ne. Ɗakunanmu na ƙasa a nan Kankia da ƙauyukan Kusada an gina su ne domin su tsare mu daga zafi, shi ya sa tagoginsu ƙanana ne. Idan haske ya yi kaɗan, kyamara takan daɗe tana tattara shi kafin ta gama ɗauka. Mutum yana iya tsayawa cik har a gama, amma wa zai ce wa ɗan akuya ya tsaya? Da ya motsa kai, hoto ya dagule.

To, sai yara su kunna walƙiyar wayar, nan kuwa aka ƙara ɓata abin. Allah ya yi wa kyanwa da kare da tumaki wani shimfiɗi mai ƙyalli a can bayan ido, wanda yake mayar da haske kamar madubi, domin su gani da dare. Idan walƙiya ta shiga idon kai tsaye, sai ta dawo cikin kyamara. Ban da haka ma, dabbar takan firgita. Muna roƙon iyaye su hana yara dalle wa dabba tocila a ido, gama ba ta da bakin da za ta ce ya ishe ta.

Maganin abin ba ya cin ko kwabo. A kawo dabbar bakin ƙofa ko cikin zaure da hantsi ko da la'asar, a inda akwai haske amma rana ba ta dukanta. Mai ɗauka ya tsaya yadda hasken zai zo daga gefe. Idan ya fuskanci ƙofar, dabbar kuma tana tsakani, inuwarta kawai zai samu. Ɓangaren da ya yi duhu kuwa, sai wani ya riƙe farin zane a wajen, zanen zai mayar da haske a kan jikinta. A durƙusa daidai tsayinta, a goge gilashin kyamara da gefen riga, a taɓa idonta a fuskar wayar kafin a danna. Ɗan ƙuli-ƙuli ko dusa yakan sa ta natsu. Lokacin Kirsimati hazon hunturu yana tausasa rana, hoto yakan yi kyau ƙwarai, sai dai a yawaita goge ƙura.

Idan dole sai da dare, a haska fitilar caji a jikin farin bango ko farin zane, hasken ya dawo a hankali. Kada a kawo kyandir ko aci-bal-bal kusa da harawa.

Wani zai ce wannan wasan yara ne. A'a. Yau mata da yawa suna aika hoton akuya marar lafiya ga malamin dabbobi ta WhatsApp, shi kuwa ba zai ga ƙurajen baki ko majinar hanci a cikin duhu ba. Haka nan wanda tunkiyarsa ta ɓace, hoton da ya nuna tabon kunnenta shi ne shaidarsa a gaban mai unguwa. Mai ragon Uda ya lura: gabansa baƙi ne ko ja, bayansa fari, saboda haka a inuwa mai haske ne kawai duka biyun za su fito sosai. Idan kuma na sayarwa ne, a ɗauka daga gefe, tsaye, da mutum kusa da shi, domin mai saye ya ga ainihin girmansa.