TSUMBURBURA BA UWARMU BA CE

Bismillahir Rahmanir Rahim. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa. Bayan haka:

Ya 'yan uwana matasa, wata magana tana yawo a tsakaninku a intanet, wai kakanninmu sun fi mu girmama mace, tunda abar bautarsu a gindin Dala mace ce, wato Tsumburbura, kuma Inna uwa ce a wajen 'yan bori. Wai Musulunci ne ya zo ya kori "uwa" daga sama. Kwanan baya wata ɗalibata a Islamiyya ta kawo mini wannan shubuha, shi ya sa na ga shiru bai kamata ba.

Tarihin Kano ya nuna Barbushe kaɗai ke shiga wurin Tsumburbura, jama'a na waje da baƙaƙen dabbobin yanka, sai ya fito ya faɗa musu abin da zai faru. Gunkiyar mace ce, amma mai magana da yawunta namiji ne. To ina rabon matan Dala a nan? Wangarawa suka zo da Musulunci zamanin Sarki Yaji (1349-1385), daga nan tasirinta ya yi ta dusashewa.

Larabawan jahiliyya ma mata suke bauta wa: Lata da Uzza da Manata, waɗanda Suratun Najmi ta ambata. Amma a cikinsu ake binne 'ya mace da ranta, har Suratut Takwir ta yi gargaɗin tambayar da za a yi ranar alƙiyama kan wannan jaririya.

Mu da muka tashi da kallon fina-finan Indiya mun sha ganin ana rusuna wa Durga da Kali da Lakshmi, ana kiransu uwa. Duk da haka sai da aka yi dokar hana ƙona mace tare da gawar mijinta a 1829, aka haramta kuɗin da iyayen amarya ke biyan ango a 1961, aka hana duba jinsin ɗan tayi a 1994 saboda zubar da cikin 'ya'ya mata. Ban kawo wannan don cin mutuncin kowa ba, hasali ma 'yan ƙasar da kansu sun yi gwagwarmayar kawar da waɗannan abubuwa. Nufina a gane cewa sassaƙa gunki da siffar mace bai taɓa zama garkuwa ga mace mai rai ba.

Allah Maɗaukaki ba namiji ba ne, ba mace ba. Bai haifa ba, ba a haife Shi ba, babu mai kama da Shi. Kalmar "Shi" ƙa'idar harshe ce kawai, kamar yadda Bahaushe ke cewa rana ta fito, wata ya tsaya. Mai neman tausayin uwa kuwa, Manzon Allah (SAW) ya ga wata fursunar yaƙi tana rungumar jariri tana shayar da shi, ya sanar da sahabbai cewa jinƙan Allah ga bayinsa ya zarce nata. Kuma sau uku ya ambaci uwa kafin uba a haƙƙin kyautatawa.

Sai dai mu faɗa wa kanmu gaskiya. Idan yarinya ta ga an saki mahaifiyarta da goyo babu ko kwano, an danne gadon gwaggonta, ita kuma an ɗora mata tallar goro maimakon allo, dole maganar 'yan shubuha ta yi mata zaƙi. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya soki malaman da ke barin matansu cikin jahilci, 'yarsa Nana Asma'u (1793-1864) ta karantar da matan ƙauyuka ta hanyar 'yan taru. Mu bi sawunsu, mu ba mata haƙƙin da Allah Ya ba su na ilimi da gado da adalci.

Allah Ya tsare mana imaninmu, Ya jiƙan iyayenmu mata, amin.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.