Harshen tunkiyar Montesquieu

Kowace shekara, da zarar Afrilu ya kama, ma'aunin zafi ya haura digiri 42 a Yamai da Tawa, sai wata tsohuwar magana ta farfaɗo a bakin ƴan boko: wai zafi ne ya hana ƙasar nan tashi. Ana jin ta a ofis, ana jin ta a fadar shan shayi, har a ɗakin malaman lise. Mai faɗinta yakan girgiza kai kamar wanda ya tono wani asiri, alhali kuwa rigar gwanjo ce ya tsinta, wadda aka ɗinka wa kakanninsa don a raina su.

Sai a fara ba gaskiya haƙƙinta. Matsayin wuri a doron ƙasa yana hukunci, kuma hukuncinsa ba shi da ɗaukaka ƙara. Duniya a karkace take da kusan digiri 23 da rabi, shi ya sa rana ke tsayawa bisa ƙoƙon kan mutanen Maraɗi sau biyu a shekara, ba ta kuwa taɓa yi wa mutumin Pari haka ba. Iskar damina tana tasowa daga teku a kudu, tana hawa arewa tana gajiya: Gaya takan samu wajen milimita 800 na ruwa a shekara, Agadas ba ta cika wuce 150 ba, Bilma kuwa sai dai labari. Wannan ne ya raba gonar hatsi da makiyayar raƙumi, har gwamnati ta shata iyakar noma ta arewa da doka a 1961. Ƙudan tsando ya hana doki da saniya zama a kurmin kudu, ya bar su ga mutanen Sahel, abin da ya shafi yaƙi da fatauci da sarauta ƙarni bayan ƙarni.

Jikin ɗan Adam ma bai tsira ba. Baƙar fata garkuwa ce daga kaifin hasken rana. Farar fata kuwa dabara ce ta jikin da ke zaune inda haske ya yi ƙaranci, don ya iya ƙera bitamin D. A 1954 likita Anthony Allison ya nuna cewa wanda ya gaji ƙwayar sikila daga ɗaya cikin iyayensa yana da kariya daga mummunan zazzaɓin cizon sauro, dalilin da ya sa cutar ta yawaita inda sauro ya yawaita. Bafillace babba yana shan ɗanyar madara cikinsa lafiya, saboda kakanninsa sun yi dubban shekaru a bayan shanu. Duk wannan an auna, an gwada, an tabbatar.

Inda ta'asar take shi ne tsallen da ake yi daga fata zuwa hankali, daga milimitan ruwa zuwa halin mutum. Ya kamata a dubi masu wannan tsalle ɗaya bayan ɗaya, a kuma lura da inda kowannensu ya ajiye kujerarsa.

Aristot, a ƙarni na 4 kafin Annabi Isa, ya ga cewa mutanen ƙasashen sanyi na Turai suna da zuciya amma ba su da basira, mutanen Asiya suna da basira amma ba su da zuciya, sai Girkawa da ke tsakiya suka haɗa duka biyun. Shi Bagirke ne. Ibn Haldun, a Muƙaddimarsa ta 1377, ya kasa duniya yankuna bakwai, ya ba na tsakiya cikar hankali da ɗabi'a, wato inda Magrib da Sham da Iraƙi da Andalus suke. Ya jingina wa baƙaƙe rawar kai saboda zafi, ya kuma jefa fararen can ƙuryar arewa cikin sahun marasa wayewa saboda sanyi. Haifaffen Tunis ne. (A yi masa adalci: shi ne ya ƙaryata masu cewa baƙar fata la'ana ce da aka gada daga Ham, ya ce aikin rana ne.) Da mulki ya koma hannun Turawa, sai rawanin ya bi shi. A 1915 Ellsworth Huntington, malami a jami'ar Yale, ya zana taswirar ƙwazon ɗan Adam, sai ga shi yanayin da ya fi kowane haifar da wayewa ya faɗo daidai kan Ingila da arewa maso gabashin Amurka, ƙofar gidansa ke nan. So duka so ne, amma son kai ya fi. Jikokin waɗanda Aristot ya ce ba su da basira su ne suka zo suna auna basirar wasu.

Wanda ya fi cancanta a daɗe a kansa shi ne Montesquieu, tun da shi ake karantar da ɗalibai a darasin Faransanci, ana yi masa kirarin uban raba iko. A littafinsa na Ruhin Dokoki, na 1748, ya ce sanyi yana ɗaure jijiyoyi ya ba da ƙarfi da jarumta, zafi kuwa yana sassauta su ya haifar da tsoro da kasala. Mece ce hujjarsa? Harshen tunkiya. Ya duba shi da gilashin ƙara girma, ya ga ƴan ƙananan tsirai a kansa. Ya daskarar da shi, tsiran suka shige. Ya narkar da shi, suka dawo. Daga wannan yankin nama, wanda ko mahaucin kasuwar Dole ba zai tsaya ciniki a kansa ba, ya yanke wa rabin duniya hukunci. Bai tsaya nan ba: ya ce akwai ƙasashen da zafi ke kashe wa mutane jiki har ba su aikin wahala sai don tsoron horo, saboda haka bauta a can ba ta cika saɓa wa hankali ba. Wannan ita ce waƙar da kwamandojin mulkin mallaka suka yi ta rerawa suna kwasar mutane zuwa aikin tilas, har sai da dokar Houphouët-Boigny ta soke shi a 1946. Abin mamaki, malalacin da ake faɗa shi ne ke ɗauke da dutse a ka cikin ranar, mai ƙwazon kuma yana inuwa riƙe da bulala.

Mai gardama zai ce: to ai ga cututtuka, ga fari. Gaskiya ne. Amma kalmar malariya daga bakin Italiyawa ta fito, don zazzaɓin ya daɗe yana kisa a fadamun da ke kewaye da Roma. Aka janye ruwan, aka yaƙi sauro, a 1970 Hukumar Lafiya ta Duniya ta shaida cewa Italiya ta rabu da shi. Italiya ba ta gusa ko taku ɗaya a taswira ba. Sanƙarau ɗan hunturu da bazara ne, ƙura da bushewar iska ke yi masa jagora. Amma tun da aka soma rigakafin MenAfriVac a Burkina da Mali da Nijar a 2010, nau'in da ya fi kisa a da ya kusa ɓacewa, iskar hunturu kuwa tana nan tana kaɗawa. Koriya ta Arewa da ta Kudu zirin ƙasa ɗaya ne, harshe ɗaya. Singafo tana manne da layin tsakiyar duniya, cikin zafi da gumi shekara duka, tana kuma cikin ƙasashen da suka fi arziki.

Ba ma sai an je nesa ba. Bayan farin 1973 da na 1984, masana da dama sun gama yi wa jihohin Maraɗi da Damagaram sallar gawa, sun ce hamada ta ci su. A waɗannan shekaru ne manoma, tare da wani ɗan Ostareliya mai suna Tony Rinaudo, suka koma ga kututturan da ke raye a ƙarƙashin gona: a zaɓi reshe biyu ko uku masu ƙarfi, a sassabe sauran, a kare su daga gatari da awaki. Suka kira shi sassaben zamani. Ruwan sama ya ɗan gyaru daga baya, ba a musu, amma ruwa ba ya riƙe wuƙa. Abin da ya sake shi ne manomi ya daina tsoron tarar ma'aikatan gandun daji, ya soma ɗaukar iccen gonarsa a matsayin nasa, kafin dokar gandun daji ta 2004 ta biyo baya. Da masu bincike suka gwada hotunan sama na da da na baya, sai suka ƙiyasta hekta miliyan 5 da suka farfaɗo, da itatuwa wajen miliyan 200, gawo da kalgo da kuka da aduwa. Matan da Montesquieu ya ce zafi ya sassauta wa jijiyoyi su ne ke kai ganyen kukar kasuwar Mirriya, a digiri 13 da ƴan kai arewa da tsakiyar duniya, cikin watan Afrilu.