Ɗan masunci ya fara koyon su daga tudu

Su sana'a ce ta gado. A tafkin Madarunfa na jahar Maraɗi, da tafkin Tabalak na jahar Tawa, da Gidimuni a Damagaram, da bakin kogin Isa a Yamai, gidaje da yawa da kifi suke ci da sha. Kowane masunci yana son ɗansa ya gaje shi. Shi ya sa da zarar yaro ya fara tafiya, sai uba ya ce lokaci ya yi da zai ga ruwa. Mun yarda da wannan buri, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Amma ra'ayinmu shi ne, yaro ɗan shekara 2 ko 3 ya fara koyo daga tudu. Kada ya taka ruwa, kada a sa shi cikin jirgi.

Dalili na farko: nutsewa

Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda ake kira OMS, ta ƙiyasta cewa mutum wajen 300.000 ruwa ya ci a duniya cikin shekarar 2021. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu yara ne da ba su cika shekara 5 ba. Ƙaramin yaro kansa ya yi wa jikinsa nauyi. In ya duƙa don ya leƙa kifi, sai kan ya rinjaye shi ya faɗa da fuska. Ruwan da bai kai gwiwa ba ya isa ya kashe shi. Kuma yaro ba ya kururuwa in yana nutsewa. Shiru yake yi. Kafin uba ya gama warware taru, aikin gama ya gama.

Wasu masunta suna cewa ruwa ba ya cin ɗan gida, ga laya a wuyansa, ga gadon kakanni. Muna girmama gado. Amma ruwa bai san dangi ba. Abin da yake tsare masunci shi ne iya iyo da sanin halin ruwa, kuma ɗan shekara 2 bai mallaki ko ɗaya ba tukuna.

Dalili na biyu: tsargiya

Tsargiya ita ce cutar fitsarin jini. Ga yadda take yawo. Mai cutar ya yi fitsari cikin tafki, ƙwayayen tsutsa su fita tare da fitsarin. Su ƙyanƙyashe, su shiga jikin ƙananan katantanwa da ke cikin ciyawar bakin ruwa. Bayan ƴan makwanni tsutsotsin su fito. Ido ba ya ganin su. Su ne suke huda fatar wanda ya shiga ruwa, musamman da tsakar rana. Bakin ruwa marar zurfi, inda muke zaton yaro ba ya cikin haɗari, nan ne suka fi yawa.

A wasu garuruwanmu ana ɗaukar fitsarin jini alamar yaro ya fara girma. Ba haka ba ne. Cuta ce mai rage jini, mai hana girma, mai ɓata mafitsara in ta daɗe. Tana da magani, ƙwaya ce mai suna firazikantel. Tun 2022 OMS ta ce inda cutar ta yi yawa a riƙa ba da shi har ga yara daga shekara 2. Duk wanda ya ga jini a fitsarin ɗansa, ya kai shi gidan likita. Ƙasarmu ta rabu da kurkunu, an tabbatar da haka a 2013. Tsargiya kuwa tana nan tare da mu.

Yadda za a yi ranar farko

1. A zaɓi lokacin da ruwa ya ja baya, bayan girbi. Da damina gulbi yana cika, gaɓa tana zubewa.

2. A tafi da safe kafin rana ta yi zafi. Kada a kai magariba, lokacin sauro. Ƙaramin yaro yana saurin gajiya, ɗan lokaci kaɗan ya ishe shi.

3. A tafi da manya biyu. Ɗaya ya yi su, ɗaya ya riƙe yaro, ba ya wani aiki sai wannan. Kada a bar shi hannun yayarsa ƴar shekara 7, domin ita ma yarinya ce.

4. A zaunar da shi kan tabarma a busasshen wuri, nesa da gaɓa, inda hannun mai tsaronsa zai kai gare shi.

5. A ba shi kara da zare da ɗan toto a ƙarshe, ba tare da ƙugiya ba. Zai yi ta jefawa kamar babansa, ransa ya yi fari. Ƙugiya kuwa in ta shiga yatsa ko ido, ba ta fita da sauƙi.

6. A zo masa da ruwan sha daga gida. Kada a wanke shi da ruwan tafki.

Abin da yaro zai koya daga tudu

Kada a ce yaron da bai jiƙa ƙafa ba bai koyi komi ba. In an kamo kifi, a sa shi cikin ƙwarya a kawo masa ya gani. A faɗa masa suna: wannan tarwaɗa ce mai gashin baki, wannan karfasa ce, wannan giwan ruwa ne. A nuna masa kurungu, a ce kar a taɓa, yana da ƙaya mai suka. Minjirya kuma tana fizgar mutum. Ya ga an mayar da ƙaramin kifi ruwa, a ce masa sai ya girma. Masuncin da ya ji wannan tun yana ƙarami ba zai so taru mai ƙananan ido ba, irin wanda yake kwashe ƴaƴan kifi ya bar tafki fayau. In an koma gida, uwa ta dafa kifin, ta cire ƙaya sarai, ta ba shi ya ci. Kifi abinci ne mai gina jikin yaro.

In tsautsayi ya faru

In yaro ya faɗa ruwa, a fitar da shi nan take. Kada a ɓata lokaci wajen juya shi kai ƙasa don ruwa ya fita. In ba ya numfashi, a kwantar da shi rigingine, a hura masa iska a baki, a riƙa danna tsakiyar ƙirjinsa. Ko ya farfaɗo yana wasa, a kai shi gidan likita a ranar, saboda ruwan da ya shiga huhu.

Ƴan'uwa masunta, babu gaggawa. Ranar da yaro ya girma, ya iya iyo sosai, ya san jin magana, jirgi da taru suna nan suna jiran shi. Kafin wannan rana, wurinsa tudu ne, hannunsa cikin hannun babba. Riga-kafi ya fi magani.