Lasisin Manhaja: Makaranta Ta Ƙirga Kafin Ta Saya

Tun daga shekarar 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta kan kwamfuta baki ɗaya. A 2024 hukumar WAEC ta fara gwada haka ga masu zana jarrabawa a ƙashin kansu, sa'an nan a 2025 Ministan Ilimi, Dakta Tunji Alausa, ya bayyana niyyar gwamnati ta ɗora jarrabawar WAEC da NECO a kan wannan hanya. Saboda haka ɗakin kwamfuta ya zama tilas ga makarantun sakandare na Bebeji da Ƙiru da Tudun Wada da Doguwa, in dai ba a so ɗalibi ya fara taɓa na'urar ranar da zai zana jarrabawa. Sai dai sayen na'ura rabin aiki ne. Sauran rabin shi ne sanin wanda zai shiga cikinta, da wanda zai riƙa kula da ita, kuma a nan ne maganar lasisi take shigowa.

Ayyuka biyu ne ake sayen lasisi dominsu. Na farko shi ne tantance mai shiga, wato kowane malami da ɗalibi ya sami sunansa da kalmar sirrinsa, na'ura ta san abin da aka yarje masa ya buɗe. Na biyu shi ne sarrafa na'urori daga nesa, wato mutum ɗaya ya iya girka manhaja a kwamfutoci da yawa lokaci guda, ya toshe shafukan banza, ya kuma goge bayanan da ke cikin wadda aka sace. Duka biyun ana yin su ne ta abin da masana ke kira gajimare, wato manyan rumbunan kwamfuta na kamfani waɗanda ake isa gare su ta intanet. Misalinsa kamar madatsar ruwa ta Tiga ne, wadda aka kammala a 1974: ruwan yana tare wuri ɗaya, manomi kuma yana samun rabonsa ta magudana gwargwadon ƙofar da aka buɗe masa.

Kamfanonin sun kasa wannan hidima hawa-hawa. A wajen Microsoft, mai tantancewa shi ne Entra ID, wanda kafin 2023 ake kira Azure Active Directory, mai sarrafa na'urori kuwa Intune. Lasisin 'yan kasuwa yana da hawa uku, Basic da Standard da Premium, na ƙarshen ne yake ɗauke da Intune, kuma ba a sayar da su ga fiye da mutum 300 a ma'aikata ɗaya. Na makarantu daban yake: A1 kyauta ne ga makarantar da aka tantance, A3 da A5 na kuɗi ne. Kamfanin Google shi ma yana da hawa na kyauta domin makarantu, da wani lasisi da ake biya sau ɗaya a kan kowace Chromebook.

Mai sayarwa yakan ce wa shugaban makaranta, sayen nagari mayar da kuɗi gida, ya nuna masa hawa mafi tsada. Amma abin da ya fi dacewa da makarantar karkara shi ne ta fara daga ƙasa, kada ta hau mataki na gaba sai ta iya faɗin aikin da ya gagare ta a na ƙasan. Dalilan haka guda uku ne.

Dalili na farko lissafi ne. A ɗauka wata makaranta a Doguwa tana da ɗalibai 600 da malamai 25 da kwamfutoci 40 a ɗaki ɗaya. Idan ta bi tsarin 'yan kasuwa, inda ake biya a kan kowane mutum, sai ta nemi lasisi 625, adadin da ya ninka ƙa'idar mutum 300 fiye da sau biyu. Idan kuwa ta bai wa kowa suna a hawan makarantu na kyauta, ta sayi lasisin da ake ƙirgawa a kan na'ura, wanda kamfanonin biyu duk suna da irinsa, guda 40 kacal take bukata. An tsara lasisin 'yan kasuwa ne domin ofis inda kowane ma'aikaci ke da na'urarsa, alhali a aji ɗalibai goma sha biyar ne ke karɓa-karɓa a kan guda.

Dalili na biyu shi ne, mafi yawan lasisin nan haya ne, ana sabunta shi duk wata ko duk shekara, kuma farashinsa yana bin dala. A farkon watan Yuni na 2023 dala ɗaya tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, amma a farkon 2024 ta haura naira 1,500. Duk wanda ya ɗauki alkawarin biya kafin wannan sauyi ya wayi gari da nauyin da ya ninka sau uku. Kuɗin kafa ɗakin kwamfuta kan zo sau ɗaya, daga gwamnati ko ɗan majalisa ko ƙungiyar tsofaffin ɗalibai, kuɗin sabuntawa kuwa a wuyan makaranta yake sauka. Ranar da aka kasa biya, hidimar takan tsaya, in aka daɗe kuma bayanan da ke ciki su salwanta.

Dalili na uku shi ne yanayin wurin. Sarrafawa daga nesa ba ta aiki sai na'urar tana kunne kuma tana haɗe da intanet. Makarantar da ba ta da tsayayyen lantarki, gara ta sa kuɗinta a farantin sola da batir da layin intanet tukuna. Bugu da ƙari, kwamfutar da ta zo da Windows Home ba ta shiga cikakken tsarin Entra ID, sai an ɗaga ta zuwa Pro ko Education. Haka kuma tallafin da Microsoft ke bai wa Windows 10 ya ƙare ranar 14 ga Oktoba, 2025, don haka tsohuwar kwamfutar gwanjo tana iya zama araha mai tsada.

Wannan ba ya nufin na kuɗi ba shi da amfani. Daga Kano zuwa Riruwai tafiya ce ta sa'o'i, ta cikin dajin Falgore, kuma lasisin da zai hana mai gyara yin wannan tafiya a kan ƙaramar matsala ya biya kansa. Haka nan shugaban makaranta da jami'in jarrabawa da akawu, waɗanda ke riƙe da sakamako da hotunan ɗalibai, sun cancanci ƙarin tsaro, domin Dokar Kare Bayanai ta Nijeriya ta 2023 ta ɗora alhakin tsare irin waɗannan bayanai a kan mai tara su. Ana iya saya wa waɗannan 'yan kaɗan babban hawa, a bar sauran a ƙarami. Kyautar ma ba ta da tabbas: Google ya janye ma'ajiya marar iyaka da yake bai wa makarantu a 2022, Microsoft kuma ya rufe hawan A1 Plus a watan Agusta na 2024. Saboda haka wajibi ne a riƙa ajiye kwafin muhimman bayanai a hannun makaranta.

Akwai kuma abin da ba a saye da kuɗi, wato mabuɗin shugabancin tsarin. Kada ya kasance a hannun ɗan kwangila ko ɗan bautar ƙasa da zai tafi bayan shekara ɗaya. A buɗe shi da sunan makaranta, malamai biyu na dindindin su riƙe shi, a kuma kunna tantancewa mai mataki biyu, wadda ake samu ko a hawan kyauta.

Kafin a sa hannu a kowace takarda, ya kamata malaman kimiyya su zauna da ɗalibansu su ƙirga mutane, su ƙirga na'urori, su rubuta ayyukan da ake so a yi, sa'an nan su tambayi wanda zai biya kuɗin baɗi da na baɗin baɗaɗa. Daidai ruwa, daidai tsaki. Makarantar da ta amsa waɗannan tambayoyi ta riga ta san hawan da ya dace da ita, tun kafin mai sayarwa ya buɗe jakarsa.