Santral Lok Ya Ƙi Aiki? Daina Bari A Yanke Maka Waya!

Haba Malam! Daga ƙofa ta ƙi kulluwa sai ka miƙa wa rewaya mota ya hau yanke-yanke? Tsaya ka duba tukuna.

In duka ƙofofin ne suka ƙi, fara da batirin rimot, galibi CR2032 ne, sannan fiyus. In ƙofa ɗaya ce, da wuya fiyus ne. Ja robar da ke tsakanin ƙofa da jikin mota, a nan waya ke karyewa. Kana jin ƙara amma ba ta kulle ba? Ɗan injin ciki ya gaji, ko ƙurar hanyar Gagarawa ta cushe shi.

Masu ce maka "bar shi haka" kuwa, ba su za su ajiye mota a buɗe ranar Alhamis a kasuwar Maigatari ba.