Fenti ba ya ɗaukar doya: a faɗa wa mai saye gaskiyar mota

Duk wanda ya tashi a Aboabo ko Asawase ya san akori-kurar Peugeot 404, wadda iyayenmu ke kira Fijo. Baffana ya yi shekaru yana jigilar doya da ita daga Techiman zuwa Kumasi. Da ƙarfinsa ya ragu sai ya jingine ta a ƙofar gida, har awaki suka mai da ƙarƙashinta wurin kwana.

Bara ɗansa ya ja ta zuwa Suame Magazine. Bayan wata uku ta dawo kamar amarya: sabon fenti ruwan toka, kujerun fata, tayoyi masu faɗi, ga injin dizal na wata mota daban an dasa mata. Ni ban ga laifin wannan ba. Gyara sana'a ce, kuma makanikan Magazine sun cancanci kuɗin guminsu. Yanzu akwai matasa masu hali da ke neman irin waɗannan tsofaffin motoci don sha'awa, suna kuma biya da kyau.

Inda gizo ke saƙa shi ne ranar ciniki. Dillali ya ja Baffa gefe ya ce: "Alhaji, maganar waldar nan ta ƙarfen ƙasa a bar ta a cikin gida. Wanda bai tambaya ba, ba a ba shi amsa." Ƙarfen da ke ɗauke da bodin motar ya taɓa tsagewa, an yi masa walda, fenti kuma ya rufe wurin. Gaskiya ni ma na yi shiru, domin kuɗin na maganin Baffa ne, kuma na san abin da asibiti ke ci. Baffa ne ya kunyata mu duka. Ya ce: "Ɗana, in ya lafta mata kaya ta karye da shi a hanya, wa zan ce ya kashe shi?"

Tun ranar nake ganin ya kamata mu sauya yadda muke wannan ciniki a zango. An fara ƙera 404 a Faransa a 1960, kuma a Kenya aka ci gaba da haɗa ta har 1991. Ke nan ko autarsu ta haura shekara 30. Babu wadda ta kai yau ba a taɓa jikinta ba. Saboda haka mai sayarwa ya rubuta a takarda abin da aka sauya: injin wace mota ne, ina aka yi walda, an ƙara wa birki ƙarfi daidai da sabon injin ko an bar tsohon. Ya miƙa takardar tare da makulli.

Na san abin da wasu za su ce: ciniki ido ne, mai saye ya buɗe nasa. To, ido na ganin abin da ke ƙarƙashin fenti? Muslim ya ruwaito cewa Manzon Allah (SAW) ya cusa hannu cikin tsibin abincin wani ɗan kasuwa ya ji danshi, ya tuhume shi a kan ɓoye jiƙaƙƙen a ƙasa, ya kuma nesanta mai algus daga gare shi. A fiƙihun Malikiyya da muka karanta a makarantun zaure, wanda ya sayi kaya ya tarar da aibin da aka ɓoye masa yana da damar mayarwa. Fenti a kan tsatsa da busasshen hatsi a kan jiƙaƙƙe duk kanwar ja ce.

Mai saye ma da nasa aikin. Ka je da makanikenka, kada ka dogara da na dillali. Ka sa a ɗaga motar ka leƙa ƙasanta da tocila. Ka riƙe ɗan maganaɗisu irin wanda nake nuna wa ɗalibaina a aji: inda ya ƙi kama bodi, ƙarfe ya ƙare, ciko ne a wurin. Ka gwada lambar jikin motar da ta injin da abin da ke takardun DVLA, kuma kada a rabu sai an mayar da su sunanka. "Ai mun san juna a masallaci" ba ta fid da kowa a hannun ɗan sanda.

Mai saye na farko da ya ji batun waldar ya tafi bai waiwayo ba. Na biyu ya rage kuɗi sosai, ya ce shi yawon Sallah da rakiyar amare zai yi da ita, ba lodi ba. Kuɗin bai kai abin da muka sa rai ba, sai da muka yi karo-karo kafin maganin ya cika. Amma yau in motar ta wuce ta layinmu, mai ita yakan danna ham ya gai da Baffa, Baffa kuma ya ɗaga masa hannu ba tare da ya sunkuyar da kai ba.

Allah Ya ba mu halal, Ya sa mata albarka.